Tun da aka dasa mini gilashi a ido, kowace fitila sai na gan ta da zobba

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne mai shekara 63, na yi ritaya daga aikin gwamnati, ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Makonni bakwai ke nan da aka cire mini yanar idon dama a wani asibitin kuɗi da ba a garin nan yake ba. Babban ɗana ne ya biya, kuma ya zaɓa mini gilashin da ya fi tsada, wanda aka ce zan riƙa ganin nesa da kusa ba sai da tabarau ba. Da rana alhamdu lillahi. Amma da zarar magariba ta yi, kowace fitila sai ta fito da zobba kewaye da ita, ta mota kuwa har kashe mini ido take yi. Ran nan a wajen Kwangila saura ƙiris in buge wani ɗan acaɓa, wallahi ban gan shi ba. Karatun Alƙur'ani bayan asuba ma, wasulla sai su yi mini dishi-dishi. Na koma asibitin, likita ya ce aiki ya yi kyau tunda na karanta allo har layin ƙasa, in yi haƙuri, in abin ya ci gaba za a yi mini leza, wato aikin da ake yi da na'urar haske mai ƙarfi. An kuma sa ranar yin idon hagu wata mai zuwa. Ina da ciwon suga, amma ina shan magani. Ban faɗa wa yaron ba, don kuɗin da ya kashe ba kaɗan ba ne, kada ya ga kamar ban gode ba. Shin idon ya lalace ne? In bari a yi na hagun?

Wani dattijo, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne, shi kuma yaron Allah ya yi masa albarka.

Daga abin da ka bayyana, ba alamar lalacewar ido ba ce. Zobban da kake gani daga jikin gilashin suke fitowa, haka aka ƙera shi, kuma makonni bakwai ya yi wuri a yanke masa hukunci. Amma akwai abu biyu da nake roƙon ka dakatar tun yau, kafin ma ka gama karanta amsar nan: kada a yi maka lezar, kada kuma a taɓa idon hagu, sai an zauna an bincika dalilin da ya sa na daman yake damun ka. Dukkansu biyu idan aka yi su ba a warware su cikin sauƙi, jinkirta su na wata biyu ko uku kuwa galibi ba ya cutar da kowa.

Tun 1949 ake dasa gilashi a cikin ido. Wani likita ne a Landan, Harold Ridley, ya lura cewa ɓarɓashin robar murfin jirgin yaƙi da ya shiga idanun matuƙa a yaƙin duniya na biyu yana zamansa lafiya, ido bai ƙi shi ba, sai ya sa aka ƙera gilashi da irin wannan robar. Shekaru da dama bayan haka duk gilashin da ake dasawa mai zango ɗaya ne: ya tattara hasken duka wuri guda, mutum ya ga nesa tar, in zai yi karatu ya ɗauki tabarau. Har gobe shi ne aka fi sa wa mutane a ko'ina. Mai zango biyu ko uku irin naka daga baya ya zo. A Amurka sai 1997 hukuma ta amince da mai zango da yawa na farko, mai zango uku kuwa sai 2019.

Faɗin wurin da haske ke ratsawa a jikinsa bai wuce milimita 6 ba, kuma a wannan ɗan filin aka zana ƙananan da'irori, wata cikin wata. Aikinsu su raba hasken da ya shigo: kaso ya tafi ganin nesa, kaso ganin kusa, a wasu kuma kaso na uku na tsaka-tsaki, misalin tazarar kwamfuta ko agogon mota. Saboda haka a kowane lokaci hoto biyu ko uku ne ke sauka a bayan idonka, ɗaya garau, sauran a dishe. Idan ka hango fitilar tirela daga nesa, kason nesa shi ne ya ba ka fitilar. Kason da aka ware wa kusa ba shi da aikin yi a lokacin, sai ya bazu ya kewaye ta. Zoben ke nan. A wasu nau'o'in ma kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken watsewa yake yi, bai shiga nesa ba bai shiga kusa ba. Da rana ɗan baƙin ramin da ke tsakiyar ido a tsuke yake, ko'ina kuma da haske, ba ka lura. Da dare ramin ya buɗe, haske ya ratsa da'irori da yawa, bayan fitilar kuma duhu ne, sai komai ya fito fili.

Wannan rabon hasken ne kuma ya sa maganarka da ta likita suka saɓa alhali ba wanda ya yi ƙarya. Allon asibiti baƙaƙen haruffa ne a kan farin fili mai haske, ɗaki a natse. Ɗan acaɓa mai baƙar riga a bakin gadar Kwangila bayan magariba, ga hazo, ga fitilun manyan motoci, wani gwajin ne dabam. Abin da irin gilashin nan ke ragewa shi ne iya bambance abu da abin da ke bayansa idan launinsu ya yi kusa ko haske ya yi ƙaranci. Allon haruffa ba ya auna wannan. Akwai gwajinsa na musamman, kuma kana da damar ka nemi a yi maka.

Kafin in ci gaba, akwai alamomin da ba su da alaƙa da zobba, kuma ba a kwana da su: ciwo mai tsanani a idon, ja da kumburi, gani ya ragu farat ɗaya, walƙiya a gefen ido, baƙaƙen ɗigo masu yawa su bayyana suna yawo, ko duhu ya fara rufowa daga gefe ɗaya. Duk wanda ka gani a cikinsu, ranar za ka tafi asibiti, ko da na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ne, ba sai ka jira komawa inda aka yi aikin ba.

To, "ka yi haƙuri" amsa ce mai gaskiya a cikinta, amma ba a fara ba da ita. Da yawa daga masu kuka da wannan gilashi, idan aka duba da kyau, sai a tarar wani ƙaramin abu ne mai magani ya hau kan zobban ya ninka su. Gilashi mai zango ɗaya yana yafe ƙananan kurakurai, naka ba ya yafewa, tunda dama hasken a rabe yake.

Na farkon da zan zarga, musamman a garinmu, bushewar ido ce. Hawaye ne shimfiɗar farko da haske ke ratsawa, in ta tsage komai ya watse. Aikin cire yanar da kansa yana busar da ido na wasu watanni, magungunan ɗigawa na bayan aiki suna ƙarawa, ciwon suga yana ƙarawa, shekaru ma haka. Ka haɗa da iskar hunturu da ƙurarta, da fanka a kan fuska, da hayaƙin turaren wuta a ɗaki. Mutane da yawa ba sa yarda idonsu a bushe yake saboda yana zubar da ruwa, alhali zubar ruwan ma alama ce. Ka gwada da kanka: lokacin da wasulla suka dishe, ka ƙifta ido da kyau sau uku ko huɗu. Idan rubutun ya washe na ɗan lokaci sannan ya sake dishewa, bushewa na da hannu. Maganinta ɗigon jiƙa ido, an fi son wanda ba shi da sinadarin hana lalacewa, kamar sau huɗu a rana ko yadda likita ya tsara, da ɗora tsumma mai tsabta mai ɗumi a kan fatar ido a rufe na minti biyar zuwa goma. A mota ka kawar da iskar esi daga fuskarka. Ba a kwana biyu ake ganin amfaninsa ba, sai an yi makonni ana yi.

A nan zan ja kunne, don na san halinmu. Kada a aika yaro kemis a ce a ba da "maganin ido". Da yawa daga waɗanda ake miƙowa suna ɗauke da sitiroyid, wanda ke sa ido ya yi fari ya yi daɗi, amma idan aka daɗe ana ɗigawa yana iya tayar da hawan jinin ido, shi kuwa abin da ya ci ba ya dawowa. Kwalli ma a ajiye shi tukuna, balle ruwan albasa ko na wani ganye da maƙwabci zai kawo da kyakkyawar niyya.

Na biyu, saura lamba. Kafin aiki ana auna ido a lissafa ƙarfin gilashin da za a dasa, amma ido nama ne, yakan warke da ɗan bambanci. Kuskuren da bai wuce 0.50 ko 0.75 a lambar tabarau ba, musamman idan gaban idon bai zagaye daidai ba, ya isa ya mayar da ƙaramin zobe babba. Yanzu da ka wuce makonni shida, lambar ta kusa tsayawa, ana iya aunawa. Ka samu ɗan kwali ka huda shi da allura mai kauri, ka rufe idon hagu, ka leƙa wani rubutu na nesa ta hudar. In ya ƙara fitowa sosai, akwai alamar tabarau zai taimaka. Na san abin da za ka ce: an kashe kuɗin nan ne don a rabu da tabarau. Haka ne. Amma siririn tabarau da za ka ajiye a mota don tuƙin yamma kawai bai rushe amfanin aikin ba, sauran yinin duka idonka a sake yake. Masu son rabuwa da shi gaba ɗaya akan gyara musu lambar da wata leza ta daban a gaban ido, amma wannan zance ne na gaba, bayan an magance bushewa.

Na uku ya shafe ka kai tsaye saboda sugan. Tsakiyar shimfiɗar gani da ke bayan ido takan kumbura bayan aikin yana, galibi daga mako na huɗu zuwa wata na uku, kuma masu ciwon suga sun fi kowa haɗuwa da wannan. Alamarsa karatu ya yi wuya, layi madaidaici ya riƙa lanƙwasa. Kokenka na wasulla ya sa ba zan so a wuce wannan ba. Akwai hoton bayan ido da ake kira OCT, minti kaɗan ne, ba allura ba ciwo, shi ke nuna kumburin. In an same shi da wuri yawanci maganin ɗigawa ke kwantar da shi. Ka kuma sa a yi maka gwajin jinin da ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata ukun da suka wuce, don idan yana hawa yana sauka, gani ma haka zai riƙa yi.

Sai a duba ko gilashin ya zauna daidai tsakiya, don in ya ɗan goce da'irorinsa ba sa daidaita da ƙofar haske, wato wancan baƙin ramin da ke tsakiyar ido. Kuma kada a manta da idon hagu. Yanar da ke cikinsa ita ma tana watsa hasken fitila. Yau da dare ka tsaya a ƙofar gida, ka kalli fitila ɗaya ta nesa, ka rufe dama ka duba, ka rufe hagu ka duba. Wataƙila ka tarar zobba masu tsari na dama ne, hazon da ke kashe ido kuma na hagu ne. Wannan bayani ne da likita zai ji daɗin samu.

Yanzu lezar da aka ambata maka. Lokacin aikin cire yanar ba a cire komai da komai ba. Ana barin wata 'yar siririyar jaka wadda asalin ƙwayar da ta yi yana take ciki, a cikinta ake zaunar da sabon gilashi. A wajen kusan mutum ɗaya cikin biyar, bangon bayan jakar yakan yi hazo cikin 'yan shekarun farko, shi ne za ka ji an ce yana ta dawo. Lezar, wadda ake kira YAG, tana huda wannan bangon cikin 'yan mintuna, mutum ya tashi yana gani garau. Aiki ne mai kyau idan hazon jakar ne matsalar. Idan kuwa gilashin ne da kansa bai karɓe ka ba, lezar ba za ta cire zobe ko ɗaya ba, kuma ta rufe maka wata ƙofa. Da zarar an huda bangon, canza gilashin ya zama aiki mai wuya: ruwa mai kauri da ke cike da bayan ido yana iya turowa gaba, sabon gilashi ba shi da cikakken mazauni, hatsari ga shimfiɗar gani kuma ya ƙaru. Likitocin da suka saba da wannan gilashi suna da wata tambaya da suke rarrabewa da ita: ganin ya yi kyau da farko sannan ya riƙa dishewa a hankali, ko tun ranar da aka buɗe bandeji haka yake? Na farko ya fi kama da hazon jaka, na biyu ya fi kama da halin gilashin. Kai ka san amsar. Ka faɗa masa ita, sannan ka tambaye shi kai tsaye: "Likita, in aka yi lezar nan, daga baya kuma na ce a canza gilashin, yaya ke nan?" Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Idan an duba duk waɗannan an gyara abin gyarawa, abin da ya rage shi ne wanda haƙuri ke yi wa aiki, kuma ba haƙurin zaman jiran tsammani ba ne, akwai abin da ke faruwa a ciki. Ƙwaƙwalwa ce ke koyon ɗaukar hoton da ya fito garau ta yi watsi da sauran. Ka tambayi mutanen Palladan da ke maƙwabtaka da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama: baƙo ne ke ɗaga kai duk lokacin da ƙaramin jirgi ya wuce, ɗan unguwa hirarsa yake ci gaba da yi, ba don jirgin ya daina ƙara ba. Zobban ma ba ɓacewa suke yi ɗungurungum ba, in ka neme su bayan shekara za ka gan su, sai dai sun daina tsaya maka a rai. Yawancin mutane suna samun wannan sauƙi tsakanin wata uku zuwa shida, wasu sai sun kai shekara, kaɗan kuma ba sa sabawa sam, kuma wannan ba laifinsu ba ne ko ƙarancin tawakkali.

Abin da ke taimaka wa wannan sabo shi ne ka yi amfani da idon a harkokinka na yau da kullum, kada ka riƙa rufe shi. Abin da ke kawo masa cikas kuwa shi ne farautar zobba, wato kowane dare a tsaya a ƙura wa ƙwan fitila ido a ga ko sun ragu. Gwajin da na ce ka yi na rufe ido ɗaya, sau ɗaya ya isa. Bayan haka ka ware rana ɗaya a mako, ko Juma'a ce, ka rubuta layi biyu a takarda: me na iya yi a makon nan, me ya gagare ni. Bayan wata biyu takardar za ta faɗa maka gaskiyar da zuciya ba za ta iya riƙewa ba, don mai damuwa kullum gani yake jiya ta fi yau.

Tuƙin dare kuwa, Baba, a ajiye shi tukuna. Abin da ya faru a Kwangila gargaɗi ne, kuma ran wani ne a ciki. Hanyar Kaduna ko ta Kano da dare kada ma a yi zancenta yanzu. Cikin gari ma, in fitar ta zama dole bayan magariba, wani daga cikin yara ya karɓi sitiyari, ko a hau keke napep. In za ka Samaru ko Sabon Gari, ka tsara ta yadda la'asar sakaliya za ta same ka a hanyar gida. Idan lokacin komawa ya yi, ka fara da hanyar da ka sani, da wani a gefenka. A wanke gilashin mota ciki da waje, don ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansa ita kaɗai tana ninka walwalin fitila, a canza waifa in ta tsufa, a rage hasken agogon mota. Mota in ta taho da babbar fitila, ka sauke ganinka zuwa gefen titi na hannun dama. Tabarau mai ruwan ɗorawa da ake tallarsa a matsayin na tuƙin dare, kada ka ɓata kuɗinka: rage hasken da ke shiga ido yake yi, kai kuwa haske kake nema. Baƙin tabarau na rana dai yana da amfani, da rana. Akwai kuma wani ɗigo, birimonidin, asalinsa maganin hawan jinin ido ne, da wasu likitoci ke bayarwa don ya hana ƙofar haske buɗewa sosai da dare, zobba su ragu na wasu sa'o'i. Yana sa wasu ƙaiƙayi ko bushewar baki ko barci, don haka likita ne zai ce ya dace da kai ko bai dace ba.

Karatun asuba ya fi sauƙin gyara. Gilashin nan mayen haske ne. Ƙwan da ke rataye a rufin ɗaki bai isa ba, ka samu fitilar caji mai ƙarfi ka ajiye ta yadda haskenta zai zo ta bayan kafaɗarka ya sauka a kan shafi. Gilashin kuma yana da tazarar da ya fi so, galibi wajen santimita 40, don haka ka matso da Alƙur'anin ka ja da shi baya a hankali har ka samu inda wasulla suka tsaya cak, ka daidaita marfa'a a nan. Bugu mai manyan haruffa zai taimaka, kuma ƙaramin tabarau na karatu a kan wannan gilashi ba haramun ba ne.

Game da idon hagu, likitoci sun kasu. Wasu na cewa ƙwaƙwalwa ta fi saurin sabawa idan idanu biyu suna ɗauke da gilashi iri ɗaya, kuma ga mutane da yawa haka ne. Amma wanda ido ɗaya ya hana shi tuƙi, a ce a ƙara masa na biyu da fatan abin zai daidaita, ni dai ina ganin caca ce da ba dole. Yanar ido ba gobara ba ce. Sai fa in likita ya ce ta nuna sosai har tana neman tayar da hawan jinin ido, ko tana hana shi ganin bayan idon don bibiyar sugan, in ba haka ba jinkirin wata biyu ko uku ba ya ɓata komai. Kuma ba dole ne na hagu ya zama irin na dama ba. Ana iya sa masa mai zango ɗaya da aka saita don nesa, ya zama shi ne idon dare. Akwai kuma na tsaka-tsaki, mai miƙa zango daga nesa zuwa tsawon hannu, wanda zobbansa ba su kai na naka ba, sai dai ƙananan rubutu na buƙatar tabarau. In ka tambaye ni, mai ciwon suga da ke tuƙi da dare, zan fi natsuwa in ga aƙalla ido ɗaya yana samun haskensa cikakke. Idan suga ya taɓa bayan ido wata rana, Allah ya kiyaye, wannan hasken da ba a raba ba zai yi rana. Shi ya sa likitoci da yawa ke ɗari-ɗari da sa mai zango da yawa ga wanda bayan idonsa ke da rauni. Tsadarsa kuɗin rabuwa da tabarau ne, ba shaidar ya fi dacewa da kowane ido ba.

In kuma an kai wata huɗu, biyar, shida, an gyara bushewa, an gwada tabarau, hoton bayan ido lafiya, amma har yanzu rayuwarka a takure take, ana iya cire gilashin a sa mai zango ɗaya. Aiki ne na gaske, ya fi na farko wuya, yana da nasa hatsarin, kuma za ka koma tabarau don karatu. Yana fin sauƙi kafin jakar ta manne wa gilashin sosai, shi ya sa ba a son a yi gaggawa, ba a kuma son a share shekaru ana cijewa. Kafin yanke wannan shawara ka ji ta bakin likita na biyu. Ga Shika a kusa, ga Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano. Duk inda za ka, ka tafi da ɗan katin da ake bayarwa bayan aiki mai ɗauke da sunan gilashin da lambarsa, da kwalaben duk abin da kake ɗigawa. In ba a ba ka katin ba, ka nema, naka ne.

Saura maganar yaron, wadda nake jin ita ta fi hana ka barci. Na fahimci alkunyar, balle ɗan fari. Amma ka duba ta wannan gefen: shi ne zai sake biyan kuɗin idon hagu wata mai zuwa, kuma tunda bai san komai ba, irin wannan gilashin zai sake cewa a sa, yana murna ya yi wa mahaifinsa gata. Shirunka zai sa ya sayi abin da ke wahalar da kai sau biyu. Ranar da ya gano, ko ranar da aka kira shi aka ce Baba ya yi hatsari, wannan zai fi yi masa ciwo nesa ba kusa ba a kan jin cewa fitilu na yi maka zobba. Bai yi kuskure ba, abin da aka ce masa shi ne mafi kyau ya saya, kuma ganin ranar da kake yi yanzu kuɗinsa ne. Ka fara masa da wannan, don gaskiya ne, sannan ka ce akwai abin da ya rage da kake so ku je wurin likita tare. In bakin ya yi nauyi, mahaifiyarsa ta isar, ko ka miƙa masa wannan amsar ya karanta da kansa.

A gaban likita kuma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dattawanmu da an ce "yaya idon?" sai su ce "alhamdu lillahi, da sauƙi", likita ya rubuta cewa komai lafiya, a kira na gaba. Ka yi hamdalarka, sannan ka ce: na daina tuƙin dare, na kusa buge mutum, ba na iya karatu sai da fitila a kan shafi. Ka nemi a duba bushewa, a auna lamba, a ɗauki hoton bayan ido, a duba zaman gilashin da bangon jakar, a kuma ɗage ranar idon hagu har sakamakon ya fito. Yaron ya riƙe takarda ya rubuta abin da likita ya ce, don bayan an ɗiga maganin buɗe ido ba za ka iya karatu ko tuƙi ba na wasu sa'o'i, shi ne ma zai dawo da kai gida.